Yadda ake yi wa tsohuwar mota sabon makulli mai rimot a Abuja

Galibin motocin da muke hawa a Abujan nan tokumbo ne ko kuma wanda aka saya hannu na biyu a gida, kuma duk wanda ya taɓa sayen irinsu yasan makulli ɗaya tal dila yake miƙo maka, in ka tambayi safaya yace ai haka tazo daga Kwatano ko daga Legas. Mutum ya karɓa ya jefa aljihu ya cigaba da yawo da wannan ƙwaya ɗayan shekara da shekaru, har ranar da zai faɗi a kasuwar Wuse ko wajen sallar Juma'a, ko yaro ya tsoma shi a bokitin wanki. Toh maganar da nakeso ta fara shiga kunnenka itace kayi na biyu tun na farkon yana hannunka kuma yana aiki. Aikin da za'a gama maka kana tsaye a gefen mota, in makullin ya ɓata gaba ɗaya zai iya komawa kiran janwe da ciro birenbos, wato kwamfutar da take sarrafa injin mota, da kwanan mota a gareji, kuɗin ma ba'a haɗasu.

Kafin kaje wajen kowa ka fara gane cewa abin da kake riƙewa ɗinnan aiki biyu ne a ciki, kuma kowanne hanyarsa daban. Akwai rimot, wato maɓallan buɗe ƙofa da kullewa da buɗe but, shi da ɗan batir yake aiki. Sannan akwai cip, wani ɗan ƙaramin abu da yake ɓoye cikin robar kan makullin, wani kamar ƙaramar kwalba wani baƙi mai kusurwa, shi baya buƙatar batir ko kaɗan. A bakin ramin da kake zura makulli akwai zoben waya da ya kewaye shi, in ka murɗa sai zoben ya bawa cip ɗin wuta ya tambayeshi lambarsa, kamar dai maigadin estet da bazai ɗaga maka ƙarfe ba sai ka faɗi gidan da zaka. In lambar tayi daidai da wadda motar ta sani sai birenbos ya saki mai da wuta, in bata yi ba mota zatayi ta kik amma bazata tashi ba, wasu ma su tashi na sakan biyu su mutu. Shi ake cewa imobilaiza. Saboda haka zaka iya samun makullin da yake buɗe ƙofa da rimot lafiya lau amma baya tada mota, ko wanda yake tada mota amma maɓallansa basa komai, kuma duk wanda zai maka aiki dole ku yi maganar biyun daban, farashin ma daban.

Ba kowace tsohuwar mota ce take da cip ba. A Turai tun 1998 aka wajabta imobilaiza a sabbin motoci, shiyasa su Peugeot 406 da 307 da Golf 4 da suka fito ta can kusan duk suna da shi, amma na Amurka ba haka bane, Corolla ta 2003 da 2004 da yawa makullin ƙarfe ne zalla, daga 2005 ne zaka fara ganin cip a jikinsu, ita kuma Camry big dadi, wato ta 2002 zuwa 2006, wata tana da shi wata babu. Hanya mai sauƙi ta ganewa, ka cire makulli ka duba dashbod ko akwai wata ƴar jar wuta da take ƙyaftawa, a Toyota ana rubuta security ko hoton mota da makulli, a Honda kuma koren hoton makulli ne yake kamawa in ka murɗa sannan ya ɗauke. Amma ka kula, jar wutar da masu sa alam suke maƙalawa daga baya itama ƙyaftawa takeyi, kar ta ruɗeka. In kana shakka kaje a yanka maka kwafin ƙarfe zalla mai araha ka gwada, in ya tada motar toh baka da cip kuma rabin matsalarka ta ƙare, in kuma ya murɗa tayi kik ta ƙi tashi ka samu amsa, shi kuma ƙarfen baka yi asara ba dan zai buɗe maka ƙofa ranar da ka kulle makulli a ciki.

Sannan wallahi mutane da yawa suna sayen sabon rimot alhali nasu lafiyarsa ƙalau batir ne kawai ya mutu. In kaga sai ka matso dab da mota yake amsawa ko sai ka danna sau uku sau huɗu, buɗe shi ka karanta lambar da ke jikin batirin ka sayi irinta sak. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, EOD ɗinnan, CR1616 take ci, Camry masul, wato ta 2007 zuwa 2011, mai makulli haɗe da rimot CR2016, wasu CR2032 ko CR2025. Duk ƙarfin wutarsu bolt 3 ne amma kauri da faɗi sun bambanta, lambar ma abin da take nufi kenan, 2032 faɗinsa milimita 20 kaurinsa 3.2, in ka cusa mai kauri a gidan siriri zaka lanƙwasa ƙarfen da yake riƙeshi. In kuma robar ce ta fashe ko maɓallan suka huje, kesin kawai zaka saya a mayar maka da kayan cikin tsohon, babu wani firogiramin. Anan ne ake yawan yin kuskure ɗaya mai ciwo, a kwashe fanel ɗin rimot a sa a sabon kes a manta da cip ɗin a cikin tsohon a jefar da shi a shara, mutum ya shiga mota ta ƙi tashi a fara zargin famfon mai. Ka tsaya akai ka gani da idonka an ciro shi an mayar. Haka kuma in duk rimot ɗin gidan sun daina aiki lokaci ɗaya, ko maɓallin sentiral lok na jikin ƙofa shima baya yi, toh matsalar a jikin mota take, fiyus ne ko waya, mai rewaya zaka nema ba mai makulli ba.

In ta tabbata sabo zaka saya, kar ka saya da ido. Rimot biyu zasu yi kama ɗaya sak amma basa jin yaren juna, domin motocin Amurka a 315 MHz suke aiki, na Turai kuma 433, kuma ko a cikin na Amurkan ma kowace ƙira da nata. Juya bayan tsohon rimot ɗinka zakaga an rubuta FCC ID da wasu haruffa da lambobi, ita ce abin dubawa. Misali ƙaramin rimot ɗin Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ake ratayawa daban GQ43VT14T ne, na Camry masul HYQ12BBY, na EOD kuma OUCG8D-380H-A. Ka ɗauki hoton bayan naka yau ɗinnan ka ajiye a waya, ka haɗa da hoton lambar cesis mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ranar da makullin ya ɓace waɗannan hotunan biyu zasu rage maka wahala sosai.

A Toyota akwai ƙarin abin dubawa a jikin ƙarfen makullin kansa, kusa da inda ya shiga roba. In babu wata alama kuma motar ta farkon shekarun 2000 ce ko ƙasa da haka, galibi tsohon cip ne da masu aikin suke kira 4C. In kaga an buga ɗan ɗigo, wannan 4D ne, shi ne ya cika motocin tsakiyar 2000 har wajen 2010. Daga nan sai mai harafin G, sai mai H a bayansa. Basa shiga gurbin juna, in ka sayo mai ɗigo wa motar da take cin G ka zubar da kuɗinka. Sannan ka san wanne iri ne a hannunka, masta ko balet. Baƙin kai shi ne masta, mai ruwan toka shi ne balet wanda akayi dan bawa mai fakin, yana tada mota amma baya buɗe akwatin gaban fasinja kuma bashi da ikon gabatar da sabon makulli. Tunda kesin ana canzawa launi ba hujja bane, gwajin shi ne ka zura makullin kana kallon jar wutar, in ta ɗauke nan take masta ne, in ta tsaya a kunne kamar sakan biyu sannan ta mutu balet ne. Tokumbo da yawa da balet kaɗai suke isowa mai ita bai sani ba sai ranar da yaje yin safaya.

Yanzu batun rimot, tsofaffin Toyota da Honda kai da kanka zaka iya haɗawa a ƙofar gidanka ba tare da na'ura ba, kuma ba abin tsoro bane dan baya taɓa tashin mota. Ga yadda akeyi a irinsu Corolla 2003 zuwa 2008 da Matrix da Camry 2002 zuwa 2006. Ka zauna a kujerar direba, ƙofarka a buɗe sauran a rufe, makulli a waje. Ka zura makulli ka zare sau biyu cikin sakan biyar, banda murɗawa. Ka rufe ƙofar ka buɗe sau biyu. Ka sake zura makulli ka zare sau ɗaya. Ka sake rufe ƙofa ka buɗe sau biyu. Sai ka zura makullin ka barshi a ciki, ka rufe ƙofa, ka murɗa zuwa inda wutar dashbod take kamawa ba tare da kayi kik ba, ka mayar, ka zare makullin. In ta karɓa zakaji makullan ƙofofi sun kulle sun buɗe da kansu. Nan da nan ka danna maɓallin kullewa da na buɗewa a sabon rimot tare kamar sakan ɗaya da rabi, ka saki, ka danna na kullewa shi kaɗai. In ƙofofin suka amsa sau ɗaya an gama, in sau biyu suka amsa bata karɓa ba, ka sake danna maɓallan ko ka fara daga farko. Buɗe ƙofa shi yake rufe aikin.

Abu biyu akan wannan. Na ɗaya sauri ne, kar ka tsaya karanta waya a tsakiya, ka haddace ko wani ya dinga karanto maka, kuma motar ta ɗan ƙaramin maɓallin jikin ƙofa take sanin an buɗe ko an rufe, in fitilar rufi bata kamawa in ka buɗe ƙofa toh maɓallin nan ya mutu kuma ko sau ɗari kayi bazata shiga ba sai an gyara shi. Na biyu, murɗawar nan ta ƙarshe sau ɗaya tana nufin ƙari ne akan rimot ɗin da ake da su, in kayi sau biyu kuma tana goge na da ta bar wanda ka shigar a lokacin kaɗai. Wannan na biyun shi kake so in rimot ɗinka sace shi akayi, amma sai ka haɗa duk na gidan a hannunka ka shigar da su a zama ɗaya. Wasu tsofaffin Toyota da Lexus nasu salon daban ne, da maɓallin lok na jikin ƙofa akeyi ana dannawa sau biyar biyar, dan haka in ka gwada sau biyu sau uku ƙofofi basu motsa ba ka barshi haka ka nemi na ƙirar motarka.

Na Honda yafi sauƙi. Duk ƙofofi a rufe, ka murɗa makulli zuwa II, wato inda wutar dashbod take kamawa, ka danna maɓallin kullewa a rimot, ka mayar da makullin baya, kowane mataki kar ya wuce sakan huɗu. Kayi haka sau uku, a na huɗun in ka murɗa ka danna zakaji ƙofofi sun amsa, toh ta shiga, sai ka sake danna maɓallin wannan rimot ɗin da na duk sauran da kake so suyi aiki ɗaya bayan ɗaya cikin sakan goma, sannan ka kashe. Rimot uku take ɗauka. Peugeot kuma in rimot ya daina amsawa bayan canjin batir, sau da yawa ba lalacewa yayi ba, ka zura makullin ka kunna wuta ka danne maɓallin kullewa na ƴan sakanni, ka kashe ka zare, sai ya dawo hayyacinsa.

Cip shi ne inda aikin yake. Wasu tsofaffin Toyota in kana da masta suna yarda a ƙara makulli da hannu, masu 4C da taka totur sau biyar da birki sau shida akeyi, wasu masu ɗigo kuma da zura masta sau biyar da buɗe ƙofa a rufe sau shida, sannan a zare a sa sabon a jira kamar minti ɗaya har jar wutar ta daina ƙyaftawa. Amma ba duk ƙira bane suke yarda, masu G da H kam sai da na'ura, Honda ma cip ɗinta sai da na'ura ko da kuwa ka haɗa rimot ɗin da kanka. Ni shawarata in ba kai mai son irin wannan aikin bane, ka kai cip wajen mai sana'ar, kuma mai sana'ar nake nufi, ba duk mai yanka makullin kwaɗo a bakin kasuwa ba. A Apo mekanik bilej da Gudu da Zuba da Kugbo duk akwai masu wannan aikin, wasu ma in ka kirasu zasu zo har inda motar take a Kubwa ko Lugbe ko Gwarinpa da kayan aikinsu. Ka tambayi bakanikenka wanda yake turawa mutane, yafi ka bi allon talla. Zasu jona na'ura a soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake cewa OBD, duk motar Amurka daga 1996 tana da shi, zakaga na'urori irinsu Autel ko Xhorse ko Launch a hannunsu, wani kuma laftof mai manhajar Techstream in Toyota ce.

Hanya biyu suke bi kuma ya kamata ka tambaya wacce za'a maka. Akwai kulonin, wato a kwafe lambar cip ɗinka a zuba a wani sabo, motar bata ma san an yi na biyu ba, a wajenta makulli ɗaya ne. Yana da sauri, ba'a taɓa kwamfutar mota, kuma in balet kaɗai gareka shi ne mafita mafi sauƙi, sai dai kwafin balet shima balet ne. Sannan akwai shigar da sabon makulli a ƙwaƙwalwar motar a matsayin mai zaman kansa, wannan yafi inganci domin in ɗaya ya ɓata za'a iya goge shi a bar ɗayan. In safaya kawai kakeso ka ajiye a gida kulonin ya wadatar. In kuwa makullinka sace shi akayi, ko ya ɓata a inda aka san motarka da gidanka, ko ka rabu da direba ba ta daɗi ba kuma bai dawo da nasa ba, toh kulonin bashi da amfani, sai an goge tsofaffin an shigar da na hannunka. Ko bayan gogewar ma ka tuna ƙarfen wancan makullin zai cigaba da buɗe ƙofa, tada motar ne kawai bazai yi ba, in kana so ka toshe wannan ma sai an canza makullan ƙofa.

Yadda zakayi magana da shi ma yana da tasiri. Kar kace masa kawai Oga ina son safaya ki. Ce masa, Oga ga motata Camry ce 2005 ta Amurka, ga makullina mai ɗigo ne kuma masta ne, ina son na biyu mai tada mota da rimot, nawa ne makullin, nawa ne yanka, nawa ne firogiramin, kuma kulonin zakayi ko shigarwa. Da yaji haka zai san da wanda ya sani yake magana. Farashi kam dala yake bi kuma kowa da nasa, ka tambayi mutum biyu uku kafin ka tsaya. Rimot ma kala uku zaka tarar, orijinal na beljiyam da aka ciro daga wata motar, sabo ɗan Sin da aka kwaikwayi na asali, sai yunibasal irin na KD ko Xhorse da ake zuba masa yaren motarka da waya. Yunibasal mai kyau ba laifi, yana aiki, wanda nake gudu shi ne mai arahar nan da ba suna a jikinsa, wata biyu maɓalli ya nutse, araha dai bata ado. Shi kuma na beljiyam ka kula, rimot ɗin tsohuwar Toyota ko Honda zai shiga wata motar ba matsala, amma makullin Peugeot da na motoci masu fush tu sitat, wato waɗanda ake tadawa da danna maɓalli, in an riga an ɗaura su a wata mota suna kulle kansu da ita, sai mai na'urar da zai wankeshi ya dawo kamar sabo, in bai iya ba ka sayi roba kawai.

Masu Peugeot akwai ƙarin magana. Motar tana da lambar sirri mai guda huɗu, haruffa da lambobi, da ake bayarwa a jikin wani ɗan kati tun ranar da aka sayeta sabuwa, kuma ba'a shigar da makulli sai da ita. Kusan babu mai 406 ko 307 ɗin da ya gaji katin nan, dan haka sai an ciro lambar daga cikin BSI, wato akwatin da yake sarrafa kayan wutar motar, ko birenbos da na'ura. Kar ka yarda wani ya zauna yana cankar lambar, in aka sa ba daidai ba sau da yawa kullewa takeyi. Sannan a Peugeot duk makullin da baya wajen lokacin shigarwa motar mantawa takeyi da shi, dan haka ka taho da su gaba ɗaya har na wajen Hajiya. Mercedes masu makullin roba da ba ƙarfe a gaba, irinsu C240 da E320, nasu aikin daban ne kuma da tsada, wanda ya ƙware akansu kaɗai zaka bawa.

In kuma kana karanta wannan ne bayan makulli ɗayan ya riga ya ɓata, toh ba'a fasa gilashi ba'a ɓalle sitiyari, kwantar da hankalinka. Mai aikin zai buɗe ƙofar da kayan aiki, ya karanta haƙoran makullin ƙofa ya yanka sabon ƙarfe, sannan ya koma kan imobilaiza. A Toyota masu ɗigo da G da yawa ta soket ake rasetin, kuma motar da kanta take sa a jira minti 16, in kaga ya zauna yana kallon na'ura ba wasa yakeyi ba. Masu 4C kuma, irinsu tsohuwar RX300, sai an ciro birenbos an buɗe an sake rubuta wani ɗan ƙaramin aisi a ciki, wato ɗan abin da yake riƙe bayanan makullai, anan ne hannun da bai iya ba yake kashe birenbos mai lafiya. Kaje da takardun mota da katin shaidarka, mai aikin kirki zai nema kafin ya taɓa motar da ba makulli, wanda bai tambayeka komai ba ka sani gobe ma bazai tambayi wanda zai kirashi akan motarka ba. In sata ce ka kai rahoto ofishin ƴan sanda mafi kusa tukunna.

Akwai shawarar da zakaji a gareji da nakeso ka ƙi ta kai tsaye. Wani zai ce Alhaji bari kawai mu yi baifas, a cire wahalar nan gaba ɗaya. Abin da sukeyi shi ne su ciro cip ɗin su naɗe shi da salatif a jikin zoben wayar nan a ƙarƙashin robar sitiyari, ko su kashe imobilaizar a cikin birenbos, daga nan kowane ƙarfe da ya iya murɗa ramin zai tada motar. Yana da araha a ranar, amma ka cire kariya mafi ƙarfi da motar tazo da ita daga kamfani, kuma Corolla da Camry ɗinnan su ne ɓarayi suka fi so saboda kayansu na tafiya a kasuwa. Mutum ya ajiye mota a bakin titi a Garki ko Area 1 ya shiga ofis awa uku, makullin ƙofar tsohuwar mota da ya riga ya sassauta bazai tsare masa komai ba. In ka sayi mota hannu na biyu ma yana da kyau ka gwada ko an riga an mata haka, kwafin ƙarfe zallan nan da na faɗa a baya shi zai tona, in motar da ya kamata ace tana da cip ta tashi da shi toh an taɓa ta.

Ranar aikin ka tabbatar batirin motar yana da ƙarfi, in wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu a kwamfutar mota matsala ce babba, kuma in akwai tiraka ko alam ɗin da aka sa daga baya mai yanke mai, ka faɗa masa tun farko kar ya ɓata lokaci yana zargin cip. Shi rimot ɗin irin wannan alam ɗin ma bashi da alaƙa da na kamfani, wajen masu sa alam zaka nemi nasa. EOD da Honda ɗin da suka biyo bayanta makullinsu mai yankan gefe ne, injinsa daban, kuma in ramin ya fara cijewa a gyara shi kafin a yanka sabo, kar a kwafi tsohon da ya riga ya side a maimaita matsalar.

Kafin ka biya, gwada komai a gabansa. Ka ajiye tsohon makullin nesa da mota, a hannun wani a waje, domin in yana rataye kusa da sabon motar zata iya karanta nasa ka ɗauka sabon ne yayi. Ka tada ta da sabon ka barta ta ɗan yi aiki ka ga jar wutar ko koren makullin ya ɗauke, ka kashe ka sake tadawa, sannan ka dawo da tsohon shima ka gwada ko ba'a goge shi ba. Ka gwada ƙarfen a ƙofar direba da but, ka ja baya kamar taku ashirin ka danna kowane maɓalli. Kace ya nuna maka a na'ura makulli nawa motar ta sani yanzu, in ta nuna uku kai kuma biyu ne a hannunka ka nemi a goge na ukun. In Peugeot ce ko wata mai lambar sirri ka karɓi lambar ka rubuta ta a inda kake ajiye orijinal ɗin takardun mota a gida, ka karɓi tsohon kes da duk wani ƙarfen da aka yanka aka ce bai yi ba, kar ka bar ko ɗaya a shagon.